Harsashin da ba ya kuskure

Wani abokina ya kawo mana zancen harsashin .375 Ruger, wanda aka fitar a 2007 don farautar manyan namun daji irin ɓauna. Wai harbi ɗaya ya isa, dabba ba ta wahala, don haka tausayi ne. Saura kaɗan in yarda.

Sai na tuna kakana, da adaka yake farauta a gaɓar Komadugu. Kafin ya sake ɗura albarushi, sauran bareyi sun ɓace. Wannan jinkirin ne ya bar su da rai, ba kirkinsa ba. To in bindiga ta daina jinkiri, wa zai riƙe hannun maharbi? An killace Termit tun 2012, amma doka ba ta bin kowa cikin rairayi.

Mu kam a Difa, tun 2015, in aka ji ƙarar bindiga ba barewa ake tunawa ba.