Tara Ƙananan Tankokin Yaƙi Don Sha'awa: Ina Matsayinsa a Musulunci?

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya hore wa ɗan Adam ƙarfe, Ya kuma bar masa zaɓi, ko ya ƙera garma da shi, ko ya ƙera takobi. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama, Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, a ƙasashen Turai da Amurka da Japan akwai wata sha'awa da ta daɗe da kama zukatan mutane, har da magidanta masu furfura, watau haɗa ƙananan tankokin yaƙi da tara su. Mutum zai sayi kwali cike da gutsattsarin roba, wani lokaci sun fi ɗari biyar, ya zauna makonni yana yanka, yana mannawa da gam, yana shafa fenti, har sai ya fitar da tanka mai kama da wadda aka yi Yaƙin Duniya na Biyu da ita. Kamfanin Tamiya na birnin Shizuoka a Japan shi ya yaɗa awon da aka fi bi tun shekarun 1960, watau 1/35, ma'ana kowane kamu ɗaya a jikin ƙaramar yana madadin kamu 35 a jikin ta gasken. Da wannan awo, tankar Jamus mai suna Tiger, wadda nauyinta ya kai wajen ton 57, tsawonta har da bakin igwa ya haura mita 8, sai ta dawo santimita 24, a ɗora ta a tafin hannu. Sojan da ke tuƙa ta kuwa ya dawo santimita 5, bai kai tsawon ɗan yatsa ba.

A yau da sayayya ta intanet ta rushe nisa, waɗannan kwalaye suna shiga gidajen Musulmi a ƙasashe da dama. Uba zai shiga ɗakin ɗansa ya tarar da kanta cike da kayan yaƙi ƙanana, ya rasa abin da zai ce. Ya hana, ko ya ƙyale? Tambayar tana da fuska biyu: ta fiƙihu, wadda amsarta ba ta da wuya, da ta tarbiyyar zuciya, wadda take bukatar natsuwa.

Ta fuskar fiƙihu, abin da yake fara zuwa a rai shi ne hanin surantawa. To, hanin ya shafi abu mai rai ne. Buhari da Muslim sun kawo labarin wani mai sana'ar yin surori da ya zo wa Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da su, ya gaya masa da ita yake ci. Ɗan Abbas ya tsoratar da shi a kan surar mai rai, sa'an nan ya ba shi mafita, cewa ya koma ga itatuwa da duk abin da ba shi da ruhi. Tanka ƙarfe ce, hukuncin surarta ɗaya ne da na motar kara ko ta gwangwani da yara suke ƙerawa a unguwa. Inda magana take shi ne ƙananan sojojin roba da akan jera a gefenta. Malaman mazhabar Maliki sun haramta surar mai rai idan ta kasance mai inuwa, mai cikakkun gaɓoɓi, sai dai sun keɓe 'yartsanar wasan yara mata. Saboda haka baligin da yake son kuɓuta ga addininsa sai ya tsaya ga tankar, ya bar mutum-mutumin.

Wasa kuma a kan kansa Musulunci bai kore shi ba. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya ga kayan wasan Nana A'isha, a cikinsu akwai doki mai fikafikai na ƙyalle. Da ya tambaye ta, ta kafa masa hujja da dawakin Annabi Sulaimanu, sai ya yi dariya, bai hana ta ba. Haka nan Habashawa sun yi wasa da masu a cikin masallacinsa ranar Idi, ya bar su, har ya tsaya ya kāre ta tana kallo. Wannan ya nuna ko wasan da ya shafi makami yana da gurbi, muddin ba a cutar da kowa ba. Asalin lamarin ke nan: halal ne. Amma fa halal fili ne mai faɗi, a cikinsa akwai abin da ke ɗaga mutum, akwai kuma wanda ke busar masa da zuciya a hankali, bai sani ba.

Haɗarin da ke cikin wannan sha'awa yana ɓoye ne a cikin ƙanƙantawar kanta. Gwanayen wannan aiki suna da ƙwazo na ban mamaki. Sukan zana tsatsa a jikin ƙarfe, su manna taɓo a kan sarƙar ƙafafu, su yi baƙin hayaƙi a bakin igwa, su kwaikwayi ramin da harsashi ya huda. Kome sun mayar da shi wurinsa, sai abu guda: mutanen da suka ƙone a ciki. Tankar Tiger mutum biyar take ɗauka, haka ma Sherman ta Amurka. Idan harsashi ya fasa ta, albarusan da ke ciki suka kama wuta, 'yan daƙiƙu kaɗan ne suke da su na fita ta ƙananan ƙofofi, da yawansu kuwa ba su fita ba. Roba ba ta ƙauri, ba ta kururuwa, ba ta barin marayu. Wanda ya daɗe yana kallon yaƙi a awon 1/35, akwai tsoron mutuwar ma ta koma masa a wannan awon.

Ya kamata a tuna don me aka ƙirƙiro abin tun farko. Ingila ce ta fara shigar da tanka fagen fama, ranar 15 ga Satumba 1916, a yaƙin Somme cikin ƙasar Faransa, don ta ratsa wayoyi masu ƙaya da ramukan da sojoji suke ɓuya. Sunan kansa yaudara ne, don an laƙaba mata sunan tankin ruwa ne saboda kada abokan gāba su gane abin da ake ƙerawa. Hausawa sun ce yaƙi ɗan zamba ne. A Yaƙin Duniya na Biyu Amurka ta ƙera Sherman wajen 49,000, Jamus ta ƙera Tiger wajen 1,350 a masana'antar Henschel ta birnin Kassel, inda aka yi amfani da mutanen da aka kamo daga ƙasashen da aka ci, aka sa su aikin tilas. A watan Yuli 1943 dubban tankokin Jamus da na Tarayyar Sobiyet suka gwabza a Kursk, a yaƙin da Tarayyar Sobiyet ɗin ta rasa rayuka wajen miliyan 27 kafin a gama shi. A Alamain ta ƙasar Masar, inda Ingila da Jamus da Italiya suka kara a 1942, nakiyoyin da aka binne don tare tankoki sun ci gaba da hallaka makiyaya Larabawa shekaru da dama bayan masu faɗan sun koma gidajensu. Duk wannan yana bayan ɗan abin da aka ajiye a kan kanta ana share masa ƙura.

Sai dai adalci ya wajaba, domin masu wannan sha'awa suna da hujjarsu, kuma ba hujjar banza ba ce. Aikin yana koyar da haƙuri da kyautata sana'a, abin da Musulunci yake so ga kowane ma'aikaci. Yana jan yaro zuwa ga karatun tarihi da sanin yadda inji yake aiki, ga shi ya fi zaman kashe wando. Sanin kayan yaƙi kuma ba abin kunya ba ne ga Musulmi. Alƙur'ani ya ba da labarin Annabi Dawuda da Allah Ya tausasa masa ƙarfe, Ya koya masa saƙar sulke don ya tsare mutane a fagen fama. A Suratul Anfali an umurci al'umma da tanadin ƙarfi. A shekara ta 8 bayan Hijira, sa'ad da aka kewaye Ɗa'ifa, sahabbai sun yi amfani da wata rumfar katako da aka lulluɓe da fata, suka shiga ƙarƙashinta don su kai ga ganuwa, mutanen garin suka jefo mata ƙarfe mai zafi ta ƙone. Sunan wannan rumfa dabbaba, kuma da wannan suna Larabawa suke kiran tanka har yau. Gidajen tarihi kamar na Bovington a Ingila, inda ake ajiye da Tiger ɗin da aka kama a Tunisiya a 1943, suna iya zama wurin wa'azi ga mai hankali, tun da Alƙur'ani ya yawaita kira ga yin tafiya a bayan ƙasa don ganin ƙarshen waɗanda suka shuɗe.

Ashe ke nan mutum biyu za su iya ajiye tanka iri ɗaya, fenti iri ɗaya, ɗaya ya sami lada, ɗaya ya kwashi zunubi. Na farko idan ya dube ta sai ya tuna cewa masu ita sun yi taƙama da ƙarfe, suka ce mulkinsu zai shekara dubu, bai wuce shekara 12 ba. Na biyu idan ya dube ta sai ƙirjinsa ya cika da sha'awar masu ita, ya fara yabon kakinsu da tutarsu, daga nan ya gangara zuwa yabon aƙidarsu. Jamusawa kansu sun gane wannan haɗari, shi ya sa dokarsu ta hana baje alamar 'yan Nazi a fili, har kamfanoni da yawa suka daina sa ta a cikin kwalayensu.

Akan sami wanda zai ce ai Hitila ya yaƙi Turawan mulkin mallaka, don haka abin yabo ne. Mai wannan magana ya nemi labarin ƙauyen Chasselay, kusa da birnin Lyon. A watan Yuni 1940 sojojin Jamus suka kama wata rundunar Faransa a wurin, suka ware fararen fata gefe guda, suka kora baƙaƙen, waɗanda aka ɗebo daga ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa take mulka, zuwa cikin wata gona. Nan tankoki suka buɗe musu wuta, sa'an nan suka bi ta kan waɗanda suka faɗi. Da yawansu Musulmi ne, kaburburansu suna nan a wurin har yanzu. Wanda zai ajiye surar irin wannan tanka a ɗakinsa, hakkin waɗannan bayin Allah ne a kansa ya san labarinsu, ya kuma gaya wa duk wanda ya tsaya yana yaba kyanta.

Musulunci ya halatta yaƙi da sharuɗɗansa, amma bai taɓa koya wa mabiyansa ƙaunarsa ba. Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya hana a yi burin gamuwa da abokan gāba, ya ce a roƙi Allah zaman lafiya, in kuwa an gamu to a daure. Ya ƙi jinin a raɗa wa yaro suna Harbu, don ma'anarsa yaƙi. Ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami ko da wasa. Sayyidina Abubakar da zai tura runduna Sham ya yi mata wasiyya kada ta kashe mace ko yaro ko tsoho, kada ta sare itace mai 'ya'ya, kada ta rushe gini, kamar yadda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa. Wanda ya auna waɗannan da abin da tankoki suka yi wa birane, zai san cewa Musulmi yana iya nazarinsu, amma bai kamata su zama abin begensa ba.

Saura batun dukiya da lokaci. Tirmizi ya ruwaito cewa bawa ba zai gusa ba ranar alƙiyama sai an tambaye shi rayuwarsa, a me ya ƙarar da ita, da dukiyarsa, ina ya samo ta, ina kuma ya kashe ta. Tara abu yana da wata cuta, domin mai tarawa ba ya ƙoshi. In ya sami ta Jamus sai ya nemi ta Rasha, in ya sami ta 1942 sai ya ce saura ta 1944. Sananne ne a cikin masu wannan sha'awa a ga mutum ya jibge kwalaye da ko ya shekara ɗari ba zai gama haɗa su ba. Idan kuɗin cefane ko na makarantar yara ya tafi can, ko aka yi kiran salla mutum yana riƙe da burushin fenti ya ce bari ya ƙarasa, to halal ɗin ya riga ya zama almubazzaranci da shagala.

Uban da ya tarar da ɗansa a kan wannan aiki, hani da tsawa ba shi ne magani ba, domin abin da ba haram ba ne babu mai ikon haramta shi. Ya zauna kusa da shi ya tambaye shi: wa ya ƙera wannan, a ina aka yi yaƙi da ita, mutum nawa take ɗauka, su wa ta taka? Idan yaron ya san kaurin ƙarfenta da girman igwarta amma bai san amsar ta ƙarshe ba, to karatunsa rabi ne, sai uban ya cika masa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wataƙila yaron da ya iya haɗa tanka yau shi ne zai ƙera motar noma gobe, tun da dai daga sarƙar ƙafafun motar noma aka samo dabarar tankar tun farko.

A taƙaice, tara ƙananan tankoki halal ne ga wanda ya nisanci surar mai rai, ya tsare sallarsa da hakkin iyalinsa, ya kuma tsare zuciyarsa daga son zubar da jini da girmama azzalumai. Ma'auninsa mai sauƙi ne: duk sa'ad da ya gama haɗa ɗaya ya ajiye, ya duba ransa, shin ya ƙara jin tsoron yaƙi ne ko ya ƙara jin marmarinsa? In na farko ne ya ci gaba, in na biyu ne ya tattara ya rufe kwalin, domin gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Allah Ya zaunar da ƙasashen Musulmi da duniya baki ɗaya lafiya, Ya jiƙan waɗanda yaƙi ya ci ba da hakkinsu ba, Ya shiryi matasa ga abin da zai amfane su duniya da lahira, amin. Allah ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.