In Mara Lafiya Ya Kasa Magana, Wa Zai Ba da Izini?

'Yan uwa, ga wata tambaya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. A ce babur ya kaɗe ɗanka a hanyar Sunkani zuwa Jalingo, an kai shi asibiti a sume. Likita ya ce akwai maganin da ake gwadawa, ana sa ran zai taimaka, amma ba a tabbatar ba tukuna. Yaro ba ya magana, kai kuma hankalinka ba ya jikinka. Shin ya dace a gwada?

Yawancinmu za mu ce a'a, kuma da dalili. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara kimanin 200 ne: rabi aka ba su Trovan, rabi wani magani daban. Yara 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ba ne. Kamfanin ya ce an nemi izini da baki, kuma cutar ce ta yi kisan. A 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Amma kuɗi ba ya sayen amana: da aka ƙaurace wa rigakafin shan-inna a 2003, wannan labari na cikin abin da mutane suka riƙa kafa hujja da shi. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu.

To amma mu juya tabarmar. A 2017 aka fitar da sakamakon wani bincike kan mata sama da 20,000 masu zubar da jini bayan haihuwa, a ƙasashe 21, har da Najeriya. An gano cewa allurar tranexamic acid, in aka yi ta cikin awa 3, tana rage mutuwa ta zubar jini da kusan kashi ɗaya cikin uku. Haka a Kaltungo, nan maƙwabtanmu Gombe, an gwada maganin dafin kububuwa a kan mutum 400. Duk manomin da ya amfana da shi yau, waɗancan ne suka share masa hanya. In an hana gwaji kwata-kwata, likita zai ci gaba da lalube a duhu, kuma mu ne dai a kan gadon.

Ashe ba gwajin ne abin tsoro ba, ɓoye shi ne. Kuma a ganina, dangwalen yatsan uba mai kuka a kan takardar Turancin da bai iya karantawa ba, ba izini ba ne, ko da doka ta karɓa. Mutum a gigice komai aka miƙo masa zai sa hannu.

Sanarwar Helsinki, wadda ƙungiyar likitocin duniya ta fara fitarwa a 1964, ta yarda a yi bincike kan wanda ya sume, amma da sharaɗi: kwamitin ɗa'a ya amince tun farko, kuma a nemi izinin mutumin ko waliyyinsa da zarar hali ya yi. Ni zan ƙara da cewa a yi bayani da Hausa ko Fulatanci ko Mumuye, kuma wanda ya ƙi, a yi masa magani kamar kowa, ba tsangwama.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tunda ba a iya shawara a ɗakin gaggawa, sai a yi ta tun da sauran lafiya. Duk mai son yin bincike a yankinmu ya fara zama da mai unguwa, limamai da matan gari. Mu kuma kada kunya ta hana mu tambayar likita abu uku: Wannan magani ne ko gwaji? Wa ya amince da shi? In na ƙi, me za a ba ɗana? Likitan kirki ba zai ji haushi ba.

Allah Ya ba mu lafiya, Ya haɗa mu da masu riƙon amana.