Daren Waƙoƙi da Fita Shan Iska a Hunturu: Ina Matsayin Kirista?



Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa, hazo ya rufe duwatsu, leɓe ya soma tsagewa, kowa ya san Kirsimeti ya ƙarato. An gama girbi, makarantu suna shirin hutu, 'ya'yanmu da ke aiki a Legas da Abuja suna neman motar gida. A kowace majami'a mawaƙa suna koyon sababbin waƙoƙi har dare, domin daren waƙoƙin Kirsimeti. Matasa kuma suna haɗa kuɗi don su fita tare bayan idi: waɗansu zuwa magangarar ruwa ta Assop ko ta Matsirga kusa da Kafanchan, waɗansu su hau duwatsun Shere a Jos, waɗansu su halarci bikin Afan na Kagoro ran 1 ga Janairu, masu hali kuma su kai har Yankari su yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki.

A kan wannan al'amari Kiristoci sun kasu kashi biyu. Akwai masu cewa duk wannan shagali ne na duniya, ɓata lokaci da dukiya, kuma bai dace da zamanin da mutane suke kwana da yunwa da tsoro ba. Akwai kuma waɗanda ba su taɓa tsayawa sun yi tambaya ba, su dai a buga su taka. Tambayar tana da nauyi, gama amsar da muka ba ta ita za ta nuna yadda za mu kashe kuɗinmu, da yadda za mu hori 'ya'yanmu, da irin fuskar da maƙwabcinmu zai gani a wurinmu. Shin Kirista yana da izini ya ji daɗin waƙa da yawo tare da abokansa? In yana da shi, ina iyakarsa?

Baka da tsirkiya

Waliyyi Toma Akwinas, babban malamin Ikilisiya wanda ya rasu a shekara ta 1274, ya ɗauki wannan tambaya da muhimmanci har ya ba ta wuri a cikin babban littafinsa na tauhidi. Ya kawo wani tsohon labari game da Yohanna Mai Bishara. An ce wata rana waɗansu mutane suka iske shi yana wasa da almajiransa, abin ya ba su haushi. Ɗaya daga cikinsu yana riƙe da baka. Yohanna ya sa shi ya yi ta harba kibiya, sa'an nan ya tambaye shi ko zai iya ci gaba da haka ba hutawa. Mutumin ya amsa cewa bakan zai karye. Yohanna ya nuna masa cewa haka zuciyar mutum take.

Duk maharbi ya san wannan: in ya dawo daga daji yakan sassauta tsirkiya. Toma ya koyar da cewa kamar yadda jiki yake gajiya ya nemi barci, haka rai yake gajiya, hutunsa kuwa shi ne nishaɗi. Saboda haka iya wasa da raha daidai gwargwado hali ne nagari, ana lissafta shi cikin kyawawan halaye. Ya ƙara da abin da zai ba masu tsananin ibada mamaki: mutumin da ba ya raha, kuma yana hana waɗansu yi, ya zama kaya ga jama'a, wannan kuwa aibi ne. Amma ya kafa sharuɗɗa uku. Kada a nemi nishaɗi cikin abin kunya ko abin da zai cuci wani. Kada hankali ya gushe gaba ɗaya. Kuma abin ya dace da mutumin, da lokacin, da wurin. Ya kuma bi ra'ayin Aristotal, masanin falsafar Girka, cewa nishaɗi a rayuwa kamar gishiri ne a miya: kaɗan ya isa.

Ubangijinmu da kansa ya halarci bikin aure a Kana, bai kuwa yarda masu biki su ji kunya ba. Ya ci abinci a gidajen mutane har magabtansa suka zarge shi da yawan ci da sha. Ya kuma janye almajiransa zuwa wurin da ba kowa don su huta bayan aiki. Wanda ya ce jin daɗi da abokai zunubi ne, sai ya fara gyara Bishara tukuna.

Abin da tarihin waƙa ya koya mana

Taron waƙa na lokacin idi yana da tarihin da ya kamata mawaƙanmu su sani. Shahararriyar waƙar nan ta Handel mai suna Messiah, wadda ake rera sassanta a majami'u da yawa lokacin Kirsimeti, an fara yin ta ne a birnin Dablin na ƙasar Ailan ran 13 ga Afrilu, 1742. Mutum kamar 700 suka cika zauren, har aka roƙi maza su bar takubansu a gida, mata kuma su rage faɗin tufafinsu, don a sami wurin zama. Kuɗin da aka tara, wajen fam 400, an raba shi ga asibitoci biyu na marasa galihu da kuma ƙungiyar taimakon fursunoni. Da shi aka fitar da mutum 142 da aka kulle saboda bashi. Masu sauraro sun ji daɗi ƙwarai a wannan rana, jin daɗinsu kuma ya buɗe ƙofar kurkuku.

Tsarin karatu tara da waƙoƙi, wanda mu ma muka ara muke yi a daren waƙoƙinmu, ya fito ne daga 'yan'uwanmu na Anglikan. Bishop Edward Benson ya shirya shi a garin Truro na Ingila a jajibirin Kirsimeti na 1880, a cikin wani ginin katako. A 1918 majami'ar Kwalejin King's da ke Kambirij ta ɗauki tsarin, makonni kaɗan bayan ƙarewar Yaƙin Duniya na Farko. Wanda ya shirya shi, Eric Milner-White, ya yi aikin limamin sojoji a fagen fama, kwalejin kuwa ta rasa 'ya'yanta da yawa a yaƙin. Masu makoki ne suka taru suka yi waƙa. Rediyon BBC ya fara watsa taron a 1928, kuma ko a shekarun Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da aka cire gilasan tagogin majami'ar don gudun bom, sanyi yana shiga ta ko'ina, ba a fasa ba.

Abokan tafiya

A ƙasashen Turai Kirsimeti yana faɗuwa a tsakiyar sanyi mai tsanani, dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa, rana ta faɗi tun da la'asar. Duk da haka tsarkaka biyu na zamaninmu sun shahara da fita waje da abokai a irin wannan yanayi.

Na farko shi ne Waliyyi Yohanna Bulus na Biyu, wanda dattawanmu suka gani da idonsu a Kaduna a Fabrairun 1982. Sa'ad da yake matashin Fada a birnin Krakow na ƙasar Polan, a shekarun 1950, yakan ɗauki ɗalibai su tafi duwatsu su yi zamiya a kan dusar ƙanƙara, da rani kuma su tuƙa ƙananan kwale-kwale a koguna. Gwamnatin kwaminis ba ta son ganin firist tare da ƙungiyar matasa, don haka suka riƙa kiransa Kawu. A can yakan yi musu Misa a fili, su ci abin da suka ɗauko, su yi hira a kan aure da aiki da bangaskiya. Yana cikin irin wannan tafiya ta kwale-kwale a 1958 aka kira shi aka sanar da shi an naɗa shi bishop. Daga waɗannan hirarraki ne ya sami yawancin abin da ya rubuta a littafinsa a kan ƙauna da aure, wanda ya fito a 1960.

Na biyu shi ne Pier Giorgio Frassati, saurayi ɗan masu arziki daga Turin a Italiya, wanda Paparoma Leo na 14 ya sa cikin jerin waliyyai ran 7 ga Satumba, 2025. Mai son hawan dutse ne da barkwanci, shi ne ke tara abokai a fita. Shi ne kuma, a matsayinsa na ɗan ƙungiyar Waliyyi Vincent de Paul, yake shiga lungunan matalauta da magani da abinci, wani lokaci ya ba da kuɗin motarsa ya koma gida a ƙafa. Da ya mutu a 1925 yana da shekara 24, iyayensa suka yi mamakin tarin talakawan da suka cika titi don jana'izarsa. Bai zaɓi tsakanin dutse da lungu ba. Zuciyar da ta iya murna da abokai ita ce ta iya ganin wanda ba shi da aboki.

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Aristotal ya raba abota gida uku: ta amfani, ta jin daɗi, da ta halin kirki. Biyun farko sukan ƙare ranar da amfani ko daɗi ya ƙare. Ta ukun ce mai daɗewa, amma ba ta tsirowa sai an ɓata lokaci tare, an yi tafiya, an raba ruwan gora ɗaya, an ga halin juna a gajiya. Saurayin da ya kama hannun abokinsa a kan gangaren dutse yana koyon abin da zai yi masa amfani ranar da abokin ya faɗa cikin wahala.

Maganar masu makoki

Yanzu sai mu saurari hujja mafi ƙarfi ta masu ƙin shagali, gama tana da gaskiya a cikinta. Ba mu manta da harin bom na majami'ar Waliyya Teresa a Madalla ranar Kirsimeti ta 2011 ba, ko kisan da aka yi a ƙauyukan Bokkos da Barkin Ladi a jajibirin Kirsimeti na 2023, inda fiye da mutum 100 suka rasa rayukansu. A cikin kowace ikilisiya tamu akwai gidan da Disamba ke tuna masa da kabari. Ga kuma sanyin da ke sa mu marmarin shayi da wuta, shi ne yake hana gwauruwa da almajiri da ɗan gudun hijira barci. Wane ne zai buga ganga a ƙofar gidan makoki?

Littafin Nehemiya, sura ta 8, ya ba mu amsa. Jama'ar da suka komo daga bauta suka taru a Urushalima, garinsu bai gama tashi daga kango ba, aka karanta musu Shari'a suka fashe da kuka. Nehemiya da Ezra ba su ce su ci gaba da kuka ba. Suka umarce su su je su ci mai kyau, su sha mai zaƙi, su kuma aika da rabo ga wanda bai shirya kome ba, domin ranar ta Ubangiji ce. Umarnin guda ɗaya ne mai ƙafa biyu: a yi murna, a kuma aika da rabo. Wanda ya yanke ƙafa ɗaya ya gurgunta shi.

Idan muka daina waƙa saboda masu kisa, mun ba su abin da suke nema. Fuskarmu a murtuke kuwa ba ta taɓa ɗumama marar bargo ba. Laifin mai arzikin nan na cikin misalin Li'azaru shi ne, yana da ƙofa, mutum yana kwance a bakinta, bai taɓa buɗewa ya duba ba. Murnar Kirista murna ce mai buɗaɗɗiyar ƙofa.

Ma'auni huɗu

Ga tambayoyin da kowace ƙungiya, ta mawaƙa ko ta matasa ko Zumuntar Mata, za ta yi wa kanta kafin ta shirya taro ko tafiya.

Wa aka bari a baya? In an yanka kuɗin tafiya yadda ɗan talaka ba zai iya ba, masu hali su ɗauki nauyinsa a asirce. A je a ɗauko gwauruwa da tsoho zuwa daren waƙoƙi. Wanda ba ya iya fita, mawaƙa su bi shi har gida, ko asibiti, ko gidan yari.

Ina rabon da aka aika? Ya kyautu baikon daren waƙoƙi ya kasance da suna tun kafin a fara: barguna, ko kuɗin magani, ko biyan tarar wani fursuna. A kuma sanar da jama'a lissafinsa.

Wa zai biya a watan Janairu? Uban da ya ci bashi don shagalin kwana uku, 'ya'yansa ne za a koro daga makaranta. Wannan rashin adalci ne a cikin gida. Haka nan direban da ya sha ya kama sitiyari cikin hazo, da shugaban matasa da ya kai 'ya'yan mutane hanyar da ba ta da lafiya ko ya bar su dare ya yi musu a daji, sun taka doka ta biyar ko da Allah ya kiyaye.

Don wa ake waƙar? Gasa tsakanin mawaƙa tana gyara murya, amma in ta kai ga gaba da zagi da kuka a kan kofi, an manta da Jaririn da ke cikin komi. Kada kuma daren waƙoƙi ya cinye Misa. Mu tuna cewa makonni huɗu kafin idi lokacin jira ne da tuba, lokacin Kirsimeti kuwa yana farawa ne daga idin ya ci gaba har zuwa Idin Baftismar Ubangiji a watan Janairu. Akwai isassun kwanaki na murna, ba sai mun yi gaggawa ba.

Ran 26 ga Disamba, ranar da yawancinmu suke fita shan iska, ita ce idin Waliyyi Istifanus, ɗaya daga cikin mutum bakwai da aka zaɓa don kada a manta da gwauraye wajen rabon abinci. Kafin mota ta tashi a wannan rana, a tsaya a yi addu'a, a kuma tabbata an aika da kwano zuwa gidan da ba a hura wuta ba. Sa'an nan ku tafi da zuciya ɗaya, ku hau dutse, ku yi waƙa, ku yi dariya, ku dawo kafin faɗuwar rana.

Allah ya kai mu idi lafiya, ya ta'azantar da masu makoki, ya kuma kiyaye masu tafiya. Amin.