Wanda Allah Ya Kira, Maƙwabta Ma Za Su Shaida

Karatun yau: 1 Timoti 3:1-7, Ayyukan Manzanni 16:1-3

Wataƙila a wani daren addu'a ka ji a ruhunka cewa Allah yana kiranka aikin fasto. Ko kuma ɗanka ne ya zo maka da wannan magana. Ko wani saurayi ne a ikilisiyarku yake jiran dattawa su amince ya tafi makarantar Littafi Mai Tsarki. Wannan marmari abin kirki ne, manzo Bulus ma ya yaba shi. Amma da ya yaba, sai ya jera wa Timoti abubuwan da za a duba kafin a danƙa wa mutum garken Allah.

Ka karanta jerin nan a hankali. Za ka ga kamun kai, karɓar baƙi, haƙuri, riƙon aure da aminci, nisantar giya da faɗa da son kuɗi. A cikinsu duka, baiwa ɗaya ce aka ambata, wato iya koyarwa. Mu mutanen Fentikos muna murna da baye-bayen Ruhu Mai Tsarki: harsuna, annabci, warkarwa. Daga Allah suke, ba kuwa za mu rena su ba. Sai dai ikilisiyar Koranti tana da baye-baye masu yawa, duk da haka Bulus ya tsawata mata saboda tsattsaguwa da lalata. Baiwa takan sauko a dare ɗaya, hali kuwa sai an ɗauki shekaru ana ganinsa. Shi ya sa aya ta 6 ta hana a naɗa sabon tuba.

Wa zai ba da shaidar halin? Na farko, gidansa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan matarsa tana kwana da hawaye, yaransa kuma suna ɓuya in sun ji muryarsa, wa'azin ranar Lahadi ba zai rufe wannan ba.

Na biyu, 'yan'uwa masu bi. Kafin Bulus ya ɗauki Timoti, mutanen Listira da Ikoniya sun riga sun san shi, suna yabonsa. Bulus da Barnaba ma, a Antakiya, sai da ikilisiya ta yi azumi da addu'a ta ɗora musu hannu kafin su fita. Wanda ya ce Allah ya yi masa magana, amma ba ya son kowa ya bincike shi, ka yi hattara da shi.

Na uku, waɗanda ba sa shiga majami'armu. Aya ta 7 ta ce dole su ma su yi masa kyakkyawar shaida. A Kurfi mu kaɗan ne, kowa ya san kowa. Maƙwabcinmu Musulmi bai taɓa jin wa'azin fasto ba, amma ya san ko yana biyan bashin mai kanti, ya san yadda yake ciniki a kasuwar Dutsin-Ma, ya san ko ya zo gaisuwa ranar da aka yi musu rashi. Ɗaliban da suke zuwa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, su ma suna kallo, za su kuma koma garuruwansu da abin da suka gani. Idan fasto ya ci amana, sunan Yesu ne ake zagi a bakin titi.

Akwai kuma gwajin wahala. Kai ma ka san abin da 'yan bindiga suka yi wa ƙauyukan Kurfi, Safana da Batsari. A Yahaya sura 10, Ubangiji ya bambanta makiyayi da ɗan ƙwadago: ranar da kyarkeci ya zo ake gane su. Wanda ya shigo aikin don baiko da babbar kujera zai nemi canjin wuri. Wanda aka kira zai nemi gwauruwar da ta gudo daga ƙauye, ya san inda ta kwana da abin da yaranta suka ci.

In kai ne kake jin kiran, ka fara daga inda kake. Ka biya bashin da ake binka, ka shirya da matarka, ka share majami'a, ka koyar da yara, ka zauna ƙarƙashin fastonka har dattawa su ga abin da Allah ya gani. In kuwa shaidarka ake nema a kan wani, ka faɗi gaskiya cikin ƙauna, ko da ɗan ƙanenka ne. Rayukan mutane za a sa a hannunsa.

Addu'a: Ya Uba, ka tayar mana da makiyaya masu tsoronka a Kurfi da kewaye. Ka gyara halina kafin ka ɗaukaka ni. Ka kiyaye fastonmu da iyalinsa, ka cika shi da Ruhunka. A cikin sunan Yesu, Amin.