ƘAHON MALA'IKA A HANNUN MASU DUBA



A kwanakin nan 'ya'yanmu suna cin karo a wayoyinsu da masu duba da wata irin karta ta Turai da ake kira Tarot. Katuna 78 ne, 22 daga cikinsu manya masu hotuna. Bari mu ɗauki guda ɗaya, mai lamba 20, wanda ake ce wa katin Shari'a, mu ga inda ya fito.

A jikinsa akwai mala'ika cikin gajimare yana busa ƙaho, a ƙasa kuwa matattu suna tashi daga kaburbura. Duk Kirista zai gane wannan hoto, gama shi ne abin da Manzo Bulus ya koyar a 1 Korantiyawa 15:52 game da ƙaho na ƙarshe da tashin matattu. Dalili kuwa shi ne, an fara yin wannan karta a arewacin Italiya wajen shekara ta 1440, a fadojin Milan da Ferrara, domin wasa kawai. Masu zanen sun ɗauko abin da suka saba gani a bangon majami'unsu.

Sai a 1781 wani Bafaranshe, Antoine Court de Gébelin, ya rubuta cewa katunan asirin firistocin Masar ne na dā. Ba shi da hujja ko ɗaya, domin ba a iya karanta rubutun Masar ba sai 1822. Duk da haka zancen ya bazu, wani mai suna Etteilla kuma ya mai da duba da su sana'a a Paris. Wajen 1855 Éliphas Lévi, wanda ya kai matsayin dikon kafin ya bar hanyar zama firist, ya haɗa katuna 22 ɗin da haruffa 22 na Ibraniyanci, ya ba katin Shari'a harafin Resh. Ƙungiyar asiri ta Golden Dawn, da aka kafa a London a 1888, ta ce a'a, Shin ne. Mu lura, su kansu masu asirin bakinsu bai zo ɗaya ba.

Daga wannan ƙungiya Arthur Waite da Pamela Colman Smith suka fito, waɗanda suka buga kartar da ta fi yaɗuwa a 1909. Yau mai duba yakan ce katin Shari'a yana nufin farkawa, ko sabon aiki, ko lokacin yanke shawara. Ƙahon ya rage, amma an cire Mai Shari'ar, an cire tuba.

To, me Ikilisiya take koya mana? Littafin Maimaitawar Shari'a 18:10-12 ya haramta duba. Katikisim na Ikilisiyar Katolika na 1992, a sashe na 2116, ya ƙi kowane irin duba, domin a ƙarƙashinsa akwai kwaɗayin mallakar lokaci da ɗan Adam, alhali sujada da tsoro na Allah ne kaɗai. Takarda da tawada ba su san gobe ba. Haɗarin yana cikin zuciyar da ta ɗauke dogararta daga Allah. Wanda ya fasa aure ko ya zargi maƙwabci saboda kati, ba shi da bambanci da wanda ya je wurin mai bugun ƙasa. Gobe ta Allah ce.

Saboda haka iyaye su zauna da 'ya'yansu, su bayyana musu wannan tarihi cikin natsuwa, ba da faɗa ba. Wanda ya riga ya taɓa, kada ya ji tsoro. Ya zo ya furta a gaban firist, ƙofar jinƙai a buɗe take. Pamela Smith kanta ta shiga Ikilisiyar Katolika a 1911.

Ubangiji ya ba mu alherin zama a shirye ranar da za a busa ƙahon gaskiya. Amin.