Takobin Allah Da Takardar Halifa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, a wannan mako za mu duba tarihin wani barde daga cikin sahabbai, watau Halidu ɗan Walidu, Allah Ya yarda da shi. Yaƙe-yaƙen da ya ci suna da yawa, kowane ɗalibin tarihi ya san su. Amma abin da ya fi dacewa sojan wannan zamani ya yi nazari a kai shi ne halin da ya nuna ranar da aka karɓe mulkin runduna daga hannunsa, alhali kuwa yana kan ganiyar ƙarfinsa.

Halidu ya fara sanin hatsarin saɓa wa umurni tun yana cikin rundunar Ƙuraishawa. A yaƙin Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira (625), Musulmi wajen 700 suka fuskanci mutum 3,000. Manzon Allah (SAW) ya ajiye 'yan baka 50 a kan wani tudu, ya shugabantar musu da Abdullahi ɗan Jubairu, ya kuma gargaɗe su kada su bar wurin, ko an ci nasara ko ba a ci ba. Da suka ga abokan gāba sun juya da baya, sai mafi yawansu suka sauko neman ganima. Halidu, wanda ke jagorantar mahayan Ƙuraishawa a ranar, ya hango wannan kafa, ya zagayo da dawaki ta bayan Musulmi. Sahabbai wajen 70 suka yi shahada, har da Sayyadina Hamza. Allah Ya ambaci wannan al'amari a cikin Suratu Ali Imrana, inda Ya bayyana cewa jayayya a kan umurni da saɓa masa su ne suka juya nasarar. To, mutumin da ya ga haka da idonsa ya san abin da ɗa'a take nufi a fagen fama.

A shekara ta 8 Halidu ya musulunta. Ba a daɗe ba aka yi yaƙin Mu'uta, inda dakaru 3,000 suka kara da Rumawa. Shugabanni uku da Manzon Allah ya zayyana, Zaidu ɗan Harisa, da Ja'afaru ɗan Abu Ɗalibi, da Abdullahi ɗan Rawaha, duk suka yi shahada ɗaya bayan ɗaya. Halidu ya ɗauki tuta, ya yi dabara ya janye rundunar ba tare da an hallaka ta ba. Daga nan ne ya sami laƙabin Takobin Allah. Sa'an nan a zamanin Sayyadina Abubakar shi ne ya jagoranci yaƙin Yamama inda aka kashe Musailama maƙaryaci, ya shiga Iraƙi ya kara da Farisawa, kana ya ratsa hamada da rundunarsa zuwa ƙasar Sham.

Da Sayyadina Umar ya zama Halifa a shekara ta 13 (634), sai ya aika da takarda ya ɗora Abu Ubaida ɗan Jarrahu a kan rundunonin Sham, Halidu ya koma ƙarƙashinsa. Jama'a, ku auna wannan matsayi. Ga mutum da dubban barade masu ƙaunarsa, ga makamai, ga tazarar tafiyar makonni tsakaninsa da Madina, wadda ba ta da wata runduna da za ta iya tanƙwara shi. Da ya so ya yi gardama, da an sha wuya. Amma ya miƙa ragama, ya ci gaba da yaƙi da ƙwazon da aka san shi da shi. A yaƙin Yarmuku, shekara ta 15 (636), wanda ya karya ikon Rumawa a Sham, Abu Ubaida ya amfana ƙwarai da basirarsa wajen tsara fagen fama. Na sama bai ji kunyar neman shawara ba, na ƙasa kuma bai ɓoye iliminsa don fushi ba.

A shekara ta 17 aka sauke shi gaba ɗaya, bayan da aka tuhume shi a kan wata kyauta mai yawa da ya yi wa Ash'asu ɗan Ƙaisu. Aka kira shi Madina, aka bincike dukiyarsa. Ya nuna bai ji daɗi ba, ya faɗi kukansa a gaban Halifa, domin shi ma ɗan Adam ne. Amma bai zare takobi ba, bai kuma zuga soja ba. Malaman tarihi sun ruwaito cewa Umar ya sanar da garuruwa cewa ba don ha'inci ya sauke shi ba, sai don mutane sun fara dogara da shi, ya ji tsoron kada su manta cewa nasara daga Allah take. Halidu ya rasu a kan shimfiɗarsa a shekara ta 21 (642), jikinsa cike da tabon sara da suka, bai bar wani abin kirki na duniya ba in ban da dokinsa da makamansa.

Kada kuma wani ya ɗauka cewa Musulunci yana koyar da biyayya ta makanta. Hausawa kan ce bin na gaba bin Allah ne, amma wannan magana tana da iyaka. Ya zo a cikin ingantaccen hadisi cewa wani shugaban ayarin yaƙi ya fusata, ya sa aka hura wuta, ya umurci mutanensa su faɗa ciki. Suka ƙi. Da labari ya je wa Manzon Allah, sai ya tabbatar da cewa sun yi daidai, ya bayyana cewa a cikin abin kirki kaɗai ake yin ɗa'a. Shi kansa Halidu, sa'ad da ya yi kuskure ya kashe wasu mutanen Banu Jazima, Manzon Allah ya barranta daga aikin a fili, ya aiki Sayyadina Aliyu ya biya diyya. Girman muƙami bai kare shi daga tuhuma ba. Saboda haka sojan da aka ce ya harbi talakan da bai ji ba bai gani ba, ko ya ƙwace kayan jama'a a kan hanya, ya sani cewa uzurin an umurce ni ba zai fisshe shi ba ranar hisabi.

Mu a wannan ƙasa mun ɗanɗana abin da ke biyo baya idan mai riƙe da bindiga ya ga ya fi ƙarfin hukumar da ta ba shi ita. A ran 15 ga Janairu, 1966 wasu hafsoshi suka kashe shugabanni, ciki har da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello. Daga nan aka shiga juyin mulki da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, soja suka yi mulki har 1979, suka sake dawowa daga ƙarshen 1983 zuwa 1999. Duk wanda ya yi juyi yakan ce gyara ya zo yi. Halidu kuwa yana da hujjar cewa ya fi kowa iya yaƙi, amma bai mai da gwanintarsa dalilin ƙwace iko ba.

Don haka muna kira ga 'ya'yanmu da ke aikin soja, daga kurtu har babban hafsa, su riƙi kakinsu da makaminsu a matsayin amana. Tsaron iyaka da kare rayukan bayin Allah aiki ne mai lada idan niyya ta gyaru. Wanda aka ɗaga kada ya yi girman kai, wanda aka sauke ko aka yi wa canjin wurin aiki kada ya ɓata aiki don huce haushi. Su kuma shugabanni su yi koyi da Umar, wanda ya kafa littafin rajista na mayaƙa ya yanka musu albashi daga baitulmali, domin ba a yi adalci ba idan aka nemi ɗa'a daga sojan da aka danne wa haƙƙinsa, ko aka bar marayunsa cikin yunwa. Wannan darasi bai tsaya a bariki ba, ya shafi hakimi da shugaban makaranta da limami da duk wanda aka ba wa jagorancin ko da mutum biyu ne.

Allah Ya ba mu shugabanni masu adalci da mabiya masu gaskiya, Ya kare dakarunmu, Ya jiƙan waɗanda suka rasu a bakin aiki, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.