MATAMBAYI BA YA ƁATA: HAKKIN IYALI A KAN MAI SHIRIN TAFIYA

A wannan mako za mu duba wata mas'ala wadda ta taso a wani zaman hira da muka yi a Kazaure bayan sallar lisha, har aka watse ba a daidaita a kanta ba. Asalin maganar shi ne, wani bawan Allah daga ƙasar Roni ya sayar da shanunsa na huɗa da wani yanki na gonarsa don ya kai mahaifiyarsa da maiɗakinsa umra. Ya ga talla a wayarsa, ga hoton Ka'aba, ga hoton masauki mai benaye, ga kuma farashi mai rahusa, sai ya aika da kuɗi ga mutumin da bai taɓa gani ba. Ranar tafiya aka yi bankwana da dangi, aka ɗauki mota zuwa filin jirgin sama na Kano, can aka shaida masa babu sunansu cikin masu tashi, bizar da ke hannunsa kuwa ta jabu ce. Tsohuwa ta komo gida da jakarta, ta yi kwana da kwanaki ba ta leƙa ko zaure ba saboda kunya.

Waɗansu a wurin hirar suka ce ƙaddara ce, Allah bai kira su ba bana. Waɗansu kuwa suka ce laifin waya ne, da can ba a san irin wannan zamba ba. Ni dai a ganina duka ɓangarorin biyu sun kauce wa ainihin tambayar, watau: mene ne ya wajaba mutum ya sani kafin ya ɗauki iyalinsa ya fita da su, kuma a wurin wa zai nemi sanin?

Da farko ya kamata mu bambanta tafiyar mutum shi kaɗai da tafiyarsa tare da iyali. Wanda ya fita shi kaɗai bai yi tambaya ba, in ya kwana a tasha ko guzuri ya yanke masa, kansa ya jawo wa. Amma wanda ya ɗauki mace da yara da tsohuwa, to, waɗannan sun miƙa masa wuya ne, ba su san hanya ba, ba su riƙe da kuɗi, ba su da ta cewa a kan inda za a kwana. Addini ya ɗauki maigida a matsayin makiyayi wanda za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo, kuma ya umurci matafiya, ko da su uku ne, su naɗa shugaba a tsakaninsu. Wanda aka shugabantar bisa ga ayari kuwa, jahilcinsa ba uzuri ba ne gare shi matuƙar akwai inda zai yi tambaya.

Ga masu cewa ƙaddara ce, muna tare da su a kan cewa babu abin da yake aukuwa sai da nufin Allah. Sai dai mu tuna yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shirya hijirarsa a shekarar 622. Sayyidina Abubakar ya tanadi raƙuma biyu tun da wuri yana kiwata su. An yi kwana uku a kogon Saur har masu nema suka gaji. An sa wanda zai riƙa kawo labarin abin da ake ciki a Makka, an sa Nana Asma'u ta kawo guzuri, sa'an nan aka bar hanyar da kowa ya sani aka bi ta gefen teku. Har wa yau an ɗauki hayar ɗan jagora, Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ, wanda a lokacin bai musulunta ba, domin shi gwani ne ga sanin hanya kuma an amince da shi. To, in wanda ya fi kowa dogara ga Allah ya yi wannan shiri duka, ina dalilin wanda ya aika da kuɗin gonarsa ga baƙo ba tare da ya tambayi kowa ba, sa'an nan ya kira abin tawakkali? Ƙaddara ana ambatonta don a yi haƙuri bayan an yi iyakar ƙoƙari, ba a mai da ita bargon rufe sakaci.

Kakanninmu ma haka suka fahimci al'amarin. Fataken da suke tashi daga ƙasar Kano zuwa Gwanja sayen goro ba su fita sai da madugu, wanda ya san sarakunan hanya da abin da ake biya a kowane mashigi, da kuma jagaba wanda yake wucewa gaba ya duba zango da ruwa. A kowane babban gari akwai mai masauki da aka sani, wanda in ya ci amana labari zai riga shi isa kasuwa. Alhazan ƙafa kuwa, waɗanda suke bi ta Barno da Wadai da Darfur har bakin Bahar Maliya, sukan yi shekaru a hanya da matansu da 'ya'yansu, kuma ba su barin zango sai sun tambayi masu dawowa halin da gaba take ciki. Da wannan ne Bahaushe ya ce matambayi ba ya ɓata.

Ga masu ɗora wa waya laifi kuma, sai mu ce mazambata sun riga waya zuwa duniya, kuma ita wannan waya da aka cuci mutumin Roni da ita, da ita ce zai iya gano gaskiya cikin rabin sa'a da ya san inda zai duba. Ƙissar ɗan jagoran hijira ta nuna mana cewa ba a ƙin sani saboda inda ya fito, abin dubawa shi ne gwaninta da amana. Mutanen wannan yanki ma ba baƙin abin ba ne, gama tun zamanin gwamna Ibrahim Saminu Turaki aka kafa makarantar koyon ilmin kwamfuta a Kazaure, ga kuma kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu. Da wuya a sami unguwa a Kazaure ko Babura ko Gwiwa wadda babu yaron da zai iya taimaka wa dattijo ya duba abin da yake bukata. Girman kai ne kurum zai hana uba ya ce wa ɗansa zo ka duba mini.

Bari mu kawo abin da yake da amfani a zahiri. Wanda zai fita ƙasar waje, Hukumar Shige da Fice tana da shafinta a intanet inda ake cike takardar neman fasfo a biya kuɗin kai tsaye, kuma kowane yaro, ko jinjiri ne, sai da nasa fasfo. Ƙasashe da yawa, har da Saudiyya, ba su yarda da fasfon da ya rage masa ƙasa da wata 6 ya ƙare. Akwai kuma katin shaidar rigakafin cutar shawara, da allurar sanƙarau wadda ake nema ga mai zuwa aikin hajji. Hukumar Alhazai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 2006, takan fitar da sunayen kamfanonin da ta ba izinin jigilar masu hajji da umra. Da mutumin Roni ya nemi sunan wanda ya aika wa kuɗi cikin wannan jeri, ko ya je ofishin Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta jiha ya yi tambaya, da gonarsa tana nan. Ita ma Saudiyya tana da manhajarta mai suna Nusuk, wadda da ita ake neman izinin shiga Rauda a Madina. Wata alama mai sauƙin riƙewa ita ce, adireshin shafunan gwamnatin Nijeriya yakan ƙare da gov.ng, kuma hukuma ba ta cewa a zuba mata kuɗi cikin asusun wani mutum.

Wanda tafiyarsa ta mota ce, taswirar Google Maps tana nuna nisa da garuruwan da za a ratsa da inda asibiti yake, ana kuma iya sauke taswirar yanki a ajiye cikin waya saboda wuraren da babu sabis. Da ita mutum zai auna ko tafiyarsa ta kai ta ƙasaru, wadda a mazhabar Malikiyya mil 48 ce, malamai da yawa a yau suna ƙaddara ta da kimanin kilomita 80. Hukumar Kula da Yanayi takan ba da hasashen ruwa da hazo, abin da mai ɗauke da yara a cikin Agusta ko tsakiyar hunturu bai kamata ya raina ba. Ya kuma rubuta lambar 122 ta Hukumar Kiyaye Haɗurra da lambar gaggawa ta 112 a takarda, don waya takan mutu a lokacin da aka fi bukatarta.

Amma fa kowane jagora da iyakar saninsa. Taswira ta san hanyar da ta tashi daga Kazaure ta bi Daura da Kwangwalam zuwa Damagaram, ta san wadda ta bi Babura da Babban Mutum zuwa Magarya. Duk da haka, lokacin da aka rufe iyakar Nijeriya da Nijar bayan juyin mulkin Yuli 2023, har zuwa Maris 2024 da aka buɗe, zanen hanyar yana nan a waya sumul kamar babu abin da ya faru. A Janairu 2025 kuma Nijar ta fita daga ƙungiyar ECOWAS, saboda haka mai zuwa biki ko gaisuwar mutuwa wurin dangi a can ya kamata ya tambayi irin takardun da ake nema a ranar da zai tashi, kada ya dogara da abin da ya sani bara. Haka nan ambaliyar 2022 ta yanke hanyoyi da dama a Jigawa, kuma direbobin tasha suka riga kowa sanin inda mota ba ta wucewa. Su ne kuma suka san hanyar da ba a binta bayan la'asar saboda ɓarayi. Mai hankali yakan duba waya da dare, da safe ya je tasha ya gwada abin da ya gani da bakin waɗanda suka kwana a hanyar.

Wannan shi ne ladabin da Suratul Hujurati ta koyar game da labari, watau a bincika kafin a yi aiki da shi, don kada a yi abin da za a koma ana nadama. Malaman hadisi ba su karɓar magana sai sun san wanda ya faɗe ta da wanda ya ji daga gare shi. Mu ma sai mu tambayi kowane saƙo da ya shigo waya: wa ya rubuta shi, yaushe aka rubuta shi, me zai samu in na yarda, kuma in abin ya ɓaci a ina zan same shi? Saƙon da aka turo a WhatsApp ba suna ba kwanan wata daidai yake da jita-jitar kasuwa. Araha kuwa, an ce ba ta ado, balle a ce a biya yau-yau kafin gurbi ya cika.

Kada wannan gargaɗi ya sa wani ya ce to a zauna gida. Alƙur'ani ya kwaɗaitar da yin tafiya cikin ƙasa don lura da ɗaukar darasi, Bahaushe ma ya ce tafiya mabuɗin ilmi. Ibn Baɗɗuɗa ya bar Tanja a 1325, ya yi kusan shekara 30 yana yawo, har ya zo Mali da Takadda cikin ƙasar Nijar ta yau, kuma har gobe ana amfana da abin da ya gani. Ba sai mai kuɗin jirgi ne zai buɗe wa 'ya'yansa ido ba. Daga Kazaure, rijiyar Kusugu a Daura tafiyar safiya ce. Ga Dutsen Dala da Gidan Makama a Kano, ga hasumiyar Gobarau a Katsina, ga zanen mutanen da a duwatsun Birnin Kudu, ga tsuntsayen Baturiya a ƙasar Haɗeja waɗanda waɗansunsu daga Turai suke zuwa cin rani. Uba yana iya zama da yaransa su nemi labarin wurin a intanet kafin a je, su ƙididdige kuɗin mota da na abinci tare, a kuma shawarci uwargida, domin ita ta san wane yaro ne mota take sa wa amai da abin da tsohuwa ba ta iya ci. Wurin da aljihu bai kai ba, kamar Masallacin Ƙudus ko dalar Masar, manhajar Google Earth tana nuna shi daga sama, yaro ya gani ya san duniya ba ta ƙare a bakin kasuwar garinsu ba.

Saura abu ɗaya. Waɗansu tun ba su bar gida ba sun sa hoton tikiti da na iyalinsu a Facebook, suna sanar da duniya ranar tafiya da ranar dawowa. Wannan shela ce ga ɓarawo cewa gida ba kowa, tona asirin iyali ne, in kuma tafiyar ta ibada ce ana jin tsoron riya ta shiga ta ɓata lada. Wanda ya cancanci a gaya masa shi ne maƙwabci da ɗan'uwa da wanda ake bin bashi ko yake bin ka.

Saboda haka amsar da zan ba abokan hirata ita ce, waya ta sauƙaƙa tambaya, amma ba ta sauke wa maigida amanar da ke wuyansa ba, hasali ma ta rage masa uzuri. Ya yi istihara, ya yi shawara, ya duba shafin hukuma, ya tambayi direba da wanda ya dawo, sa'an nan ya yi addu'ar tafiya ya dogara ga Allah. Abin da ya same shi bayan wannan shi ne za mu kira ƙaddara, mu taya shi haƙuri. Shi kuwa ɗan'uwanmu na Roni, Allah Ya mayar masa da alheri, Ya nufi mahaifiyarsa da ganin Ɗakinsa. Allah Ya kai matafiya lafiya, Ya komo da su ga iyalansu lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalam.